Kundin aikin girgijen cikin gida

13 ga Janairu, 2025

Hukumar gudanarwa ta sa hannu, don haka daga yau zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, domin wanda zai gaje mu ya tarar da dalilin kowace shawara tare da ita kanta shawarar.

Halin da ake ciki shi ne kowane sashe na ma'aikatarmu yana da nasa sabobin, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da manhajoji da bayanai. Sashen kuɗi da nasa, sashen bincike da nasa, masu rubuta manhaja da nasu, kuma kowa ya yi sayayyarsa ne da tsoron ranar da aiki zai yi masa yawa. In ka duba ma'auni sai ka ga wasu injunan a zaune kusan duk wata, alhali sashen da ke kusa da su yana jiran watanni kafin a sayo masa sabon inji. Abin da muka ɗauko shi ne mu tara ƙarfin nan wuri ɗaya, kowane sashe ya ɗebi abin da yake buƙata da hannunsa, ba tare da ya ga na wani ko ya taɓa shi ba. Hukumar NIST ta Amurka, a takardarta SP 800-145 ta 2011, ta lissafa wannan tara kaya don masu amfani da yawa cikin siffofi biyar da suke sa a kira tsari girgije.

Mun zaɓi OpenStack, manhajar gina girgije, sigar 2024.1 da ake kira Caracal, za mu girka shi da kayan girkawa na Kolla-Ansible, ma'ajiyar bayanai kuma Ceph. NASA da Rackspace ne suka soma OpenStack a 2010, kuma tun daga tushe an gina shi ne don masu haya da yawa a kan injuna ɗaya.

Na nace a rubuta magana ɗaya a shafin farko na takardar aiki: za mu ɗauki tsarin kamar gidan haya, kowane sashe da ɗakinsa da makullinsa, ko da kuwa duk 'yan hayar dangin juna ne. Wani abokin aiki ya ce a taro, "Ai duk mu ɗaya ne, me ya kawo katanga tsakaninmu?" Na ce masa ba zargin kowa muke yi ba. Katangar domin ranar da aka sace kalmar sirrin mutumin kirki ce, da ranar da gwani ya buga umarnin gogewa a inda bai yi niyya ba. A irin wannan rana abin da za a tambaya shi ne iya ina ɓarnar ta tsaya.

27 ga Janairu

Tambayar da ta cinye mana tarurruka: wane ne mai haya? Sashe ne, ko aikin da sashen ke gudanarwa?

Keystone, ɓangaren OpenStack da ke kula da shiga da izini, yana da matakai biyu da suka shafe mu. Akwai yanki, inda mutane da ƙungiyoyinsu ke zaune, akwai kuma aiki, wanda shi ne ainihin mai mallakar injuna (kwamfutocin da manhaja ke ƙirƙira a kan sabobi) da faifai da hanyoyin sadarwa. Da farko kowa ya karkata ga a ba kowane sashe aiki ɗaya babba a huta. Matsalar ita ce sassan ma'aikata ba sa zama yadda suke. Ana haɗe biyu, ana raba ɗaya, ana ɗauke manhaja daga wannan ofis a miƙa wa wancan, kuma ɗauke inji daga wani aiki zuwa wani a OpenStack ba abu ne mai sauƙi ba. Saboda haka muka tsaya a kan cewa kowace hidima tana da nata aikin, kuma na gwaji dabam, na aiki na gaskiya dabam. Tsarin biyan albashi ayyuka biyu ke nan. In gobe ya koma ƙarƙashin wani sashe, ƙungiyar mutanen da ke da izini kawai za a sauya.

Mutane kuwa daga kundin ma'aikata na LDAP za su fito. Ba za a buɗe wa kowa asusu da hannu ba, kuma ƙungiya ake ba izini, ba mutum ɗaya ba. Ranar da aka rufe asusun wanda ya bar aiki, ƙofar girgije ma ta rufe masa.

Abu mafi haɗari da ya kamata duk mai shiga wannan aiki ya sani: muƙamin admin a OpenStack bai tsaya a aikin da aka ba da shi ba. Ka ba mutum admin a kan ƙaramin aikinsa na gwaji, kusan ka ba shi girgijen gaba ɗaya. Tun 2012 aka shigar da rahoton wannan, mai lamba 968696, kuma an shafe shekaru ana gyaran tsarin izini saboda shi. Don haka masu haya member (mai aiki a cikin aikinsa kaɗai) ko reader (mai karantawa kawai) za su samu, ban da admin. Shugabannin sassa biyu sun nuna rashin jin daɗi, suna ganin an rage musu daraja. Na zauna da kowannensu na nuna masa a allo abin da admin ke iya gani a ɗakin maƙwabcinsa, sai maganar ta mutu a nan.

10 ga Fabrairu

Adireshi. Wannan ne wurin da girgijen cikin gida ya bambanta da na kamfanin da ke sayar wa jama'a haya, kuma na ga littattafan koyarwa ba su cika tsayawa a kansa ba.

Neutron, ɓangaren OpenStack mai kula da hanyoyin sadarwa, yana barin kowane mai haya ya ƙirƙiri hanyar sadarwarsa da duk adireshin da ya ga dama. Mutum goma na iya ɗaukar 192.168.0.0/24 a lokaci ɗaya ba tare da rikici ba, domin kowa a killace yake. Ga kamfanin da abokan cinikinsa ba su san juna ba, wannan ni'ima ce. A wurinmu kuwa, tsarin albashi zai buƙaci ya yi magana da kundin ma'aikata, manhajar rahoto za ta buƙaci rumbun bayanan kuɗi. Ranar da za a haɗa hanyoyi biyu masu adireshi iri ɗaya, dole ɗaya ya sake lambar kowane injinsa, ko kuma a jibga sauya adireshi a tsakani har a kasa gane wa ya yi magana da wa.

Mun yanke 10.64.0.0/12 daga cikin adireshin cikin gida da takardar ƙa'idar intanet RFC 1918 ta ware, muka zuba shi a tafki ɗaya na Neutron. Duk aikin da ya nemi hanya, tafkin zai ba shi yanki na /24, wato adireshi 256, kuma tafkin zai ɗauki irin wannan yanki 4096. Babu mai zaɓar lamba da kansa. Mun kauce wa 172.17.0.0/16 gaba ɗaya, saboda shi Docker, manhajar da ke tafiyar da manhajoji a killatattun akwatuna da ake kira kwantena, ke ɗauka da kansa a kan kowane injin da aka girka shi, kuma duk hidimar da ta zauna a wannan yanki za ta riƙa ɓacewa wa masu kwantena ba tare da sun gane dalili ba.

Mun kuma kashe sauya adireshi a kan zirga-zirgar cikin gida. In injin sashen bincike ya taɓa rumbun kuɗi, ina so kundin rumbun ya nuna ainihin adireshin wannan inji, daga adireshin kuma a gane aikin, daga aikin a gane mai shi.

Batun killacewa: lambar VLAN, wato raba waya ɗaya zuwa hanyoyi dabam-dabam a na'urorin haɗa waya, tana da bit 12, don haka 4094 kawai ake iya amfani da su, kuma kowace sabuwa sai an taɓa na'urorin haɗa waya. Geneve, hanyar naɗe bayanan mai haya da OVN (manhajar sadarwar da ke ƙarƙashin Neutron) ke amfani da ita, yana da bit 24, lambobi sama da miliyan 16, kuma mai haya zai ƙirƙiri hanyarsa ba tare da ma'aikatan waya sun tashi daga kujera ba. VLAN sai a bakin fita zuwa sauran ma'aikata.

24 ga Fabrairu

An ɗaura sabobin, Ceph ya tashi lafiya. Na rubuta wa hukumar gudanarwa bayani gajere don kada a yi lissafi da adadin da ke jikin takardar saye. Ceph na ajiye kwafi 3 na kowane bayani, yana fara gargaɗi in faifai ya kai kashi 85 cikin 100, yana daina karɓar rubutu a 95. Abin da za mu iya rabawa bai kai kashi 30 cikin 100 na ɗanyen adadin ba, kuma a cikinsa ma sai an bar wurin da bayanai za su koma in sabar ɗaya ta mutu.

10 ga Maris

Mun yi ta fama da wata cuta mai ban haushi a injunan gwaji. Inji biyu a hanya ɗaya, ɗan saƙon gwaji na ping na tafiya yana dawowa, ana shiga inji daga nesa ta SSH lafiya, amma da zarar ka nemi jerin fayiloli mai tsawo sai allon ya daskare, alamar rubutu na ƙiftawa, babu saƙon kuskure, babu komai. Wani lokaci kuma duk abin ya yi aiki sumul.

Girman ƙunshin bayanai ne. Geneve na ƙara bayit 58 a kan kowane ƙunshi a irin saitinmu, shi ya sa a kan waya mai ɗaukar 1500 mai haya ke samun 1442. Mu mun saita ƙasan, wato ainihin wayar da ke haɗa sabobin, a 9000, don haka Neutron ke gaya wa injuna su aika har 8942. Sai muka bi sabobin ɗaya bayan ɗaya da umarnin ping -M do -s 8972, wanda ke hana a tsaga ƙunshin a hanya. Duk suka amsa sai guda ɗaya. Bakin wayarta a na'urar haɗawa an bar shi a 1500, ƙananan ƙunshi na wucewa, manya na faɗuwa shiru. Abin da ya sa cutar ke zuwa tana tafiya shi ne sai injin gwaji ya sauka a kan wannan sabar take bayyana.

Gyaran layi ɗaya ne. Amma mun mayar da wannan gwajin cikin jerin abin da kowace sabuwar sabar za ta ci kafin a bar mai haya ya sauka a kanta, domin mai haya ba ya ganin ƙasan, ba shi da hanyar gane cewa laifin ba na manhajarsa ba ne.

24 ga Maris

Rabon kaso. Nova, ɓangaren OpenStack mai ƙirƙirar injuna, na zuwa da kason farko na inji 10, ƙwayar furosesa 20, da RAM megabayit 51200 ga kowane aiki. Mun rage wannan ga ayyukan gwaji, na gaskiya kuma sai an zauna da mai shi.

A nan aka kai ruwa rana. Kowane sashe ya zo da adadin tsofaffin sabobinsa yana so a ba shi daidai da shi. Shugabar sashen bincike ta ce, "Malam, mun ba ku injunanmu, yanzu kuma mu zo muna roƙon abin da yake namu?" Tana da gaskiya a fargabarta, domin shekaru sun koya mata cewa abin da ba ka riƙe a hannu ba, ba za ka same shi ranar buƙata ba. Na ce, "Hajiya, ki ba mu dama. In kika nemi ƙari aka wuce yini ɗaya na aiki ba a ba ki ba, ki dawo da maganar gaban hukuma." Na san nauyin abin da na ɗauka. Duk tsarin ya rataya ne a kan wannan alkawari, domin muddin neman ƙari na da wuya, kowa zai ɓoye abin da ba ya buƙata, mu koma gidan jiya da sabon suna.

A ɓangaren saiti, ƙwayar furosesa ɗaya za mu raba ta sau 4. Nova ya daɗe yana zuwa da 16, sababbin sigogi suka sauko da shi zuwa 4, kuma mun ga hikimar haka. RAM ba za mu yi alkawarin abin da babu ba, ɗaya bisa ɗaya. Furosesa in ta yi cunkoso jinkiri ake samu, RAM in ta ƙare kuwa tsarin Linux kashe wani inji yake yi, kuma ba lalle na wanda ya jawo cunkoson ba. Mun kuma bar gurbin sabar guda a kowane lokaci, don a samu inda za a kwashe injuna in za a yi gyara.

7 ga Afrilu

Masu rubuta manhaja sun tare da ayyukansu na gwaji. Su muka fara da su saboda sun fi kowa iya bayyana abin da ya lalace. Sigar 2025.1, Epoxy, ta fito a farkon watan nan, kuma ana iya tsallakawa zuwa gare ta kai tsaye daga Caracal. Ba yanzu ba.

22 ga Afrilu

Maƙwabci mai damuwa ya bayyana da wuri. Sashen kuɗi, da ke gwada rumbun bayanansa, ya kawo ƙara cewa da yamma komai na jan ƙafa. Furosesarsu lafiya, RAM lafiya. A allon ma'auni na Grafana kuwa jinkirin faifan Ceph ya yi tsalle a daidai lokacin da sashen bincike ya saki wani aikin tace bayanai a kan injuna da yawa lokaci guda.

Babu wanda ya karya doka. Masu bincike na cikin kasonsu na inji da na girman faifai. Kason da muka raba yana auna yawan wurin da ka riƙe ne, bai ce komai ba a kan sau nawa za ka buga faifan a daƙiƙa, alhali faifan na kowa ne.

Mun ƙirƙiri nau'o'in faifai uku a Cinder, ɓangaren OpenStack mai kula da faifai, kowanne da iyakar karatu da rubutu a daƙiƙa, kuma a bakin injin ake tsare iyakar, kafin buƙatar ta kai ga Ceph. Nau'in mai sauri yana da nasa kason, sai an nema da dalili. Abin lura ga duk wanda zai yi irin wannan: iyakar na kama faifai ne a lokacin da aka maƙala shi a inji. Waɗanda suke maƙale tun kafin a kafa dokar suna nan suna gudu ba linzami, sai an cire an sake maƙalawa. Mun tsara wannan da masu binciken, kuma aikinsu ya ɗan ƙara tsawo. Na gaya musu haka tun kafin su gani da kansu.

12 ga Mayu

Gina katanga ya fi sauƙi a kan tsara ƙofofi, kuma makonnin nan a kan ƙofofi muka ƙare.

Akwai abubuwan da kowa ke buƙata: DNS mai fassara suna zuwa adireshi, agogon da injuna ke daidaita lokaci da shi, rumbun sabunta manhaja, wurin tara kundin abubuwan da suka faru. Mun zuba su a aiki ɗaya na hidimomin gama-gari, mu ke riƙe da shi. Kowane mai haya na iya kaiwa gare su ta takamaiman mashiga, su kuwa ba sa iya fara magana da kowa. Wannan wuri ne mafi daraja ga ɓarawo, tunda yana da hanya da kowane ɗaki, don haka ya fi ko'ina tsauraran dokoki.

Sai kuma ƙofa tsakanin mai haya da mai haya. Buƙatar farko da ta zo ita ce, "Ku buɗe mana hanya zuwa sashen kuɗi." Duka sashen, duk mashigai, ba ranar rufewa. Irin wannan buƙata guda goma ta isa ta rushe duk abin da muka gina tun Janairu, kuma kowacce za ta zo ne daga mutumin kirki mai aikin gaggawa.

Ga yadda muka tsara. Duk saitin ayyuka da hanyoyi da dokokin shinge a rubuce yake a ma'ajiyar Git, OpenTofu ke aiwatar da shi. OpenTofu reshe ne da ya fito daga Terraform bayan HashiCorp ta sauya lasisi a Agustan 2023, yana ƙarƙashin Linux Foundation. Mai son ƙofa zai rubuta buƙatarsa a nan: daga wane yanki, zuwa wane inji, wace mashiga, saboda me, har zuwa yaushe. Wanda zai amince shi ne mai ɗakin da za a shiga. Mu namu duba tsari ne kawai. Na dage a kan wannan saboda mu ba mu san wanne bayani ne mai hatsari a rumbun kuɗi ba, su suka sani, kuma bai dace ma'aikatan girgije su zama masu raba izinin shiga dukiyar da ba tasu ba.

Wani amfani da ya fito daga baya: mai binciken tsaro na cikin gida ya tambayi wa ke iya kaiwa ga tsarin albashi, muka buɗe masa fayil ɗaya ya karanta, da sunan ƙungiyar da ta amince da kowane layi da ranar da ta amince.

26 ga Mayu

Sashen kula da ma'aikata ya nemi sabobinsa na kansa, kada injin kowa ya zauna kusa da nasu. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Spectre da Meltdown da aka bayyana a Janairun 2018, da L1TF a Agustan shekarar, sun nuna cewa rauni a cikin furosesa kanta na iya barin wani inji ya leƙa abin da ke ƙwaƙwalwar maƙwabcinsa. An fitar da gyare-gyare, muna kuma sa su, amma sababbin irinsu sun ci gaba da fitowa.

Sai dai in kowa ya samu nasa, babu sauran girgije. Kowane rukunin da aka ware yana buƙatar nasa gurbin ko-ta-kwana, wanda ba mai amfani da shi. Mun amince da warewa ga albashi da bayanan lafiyar ma'aikata kaɗai. Sauran ayyukan sashen za su zauna da kowa, da faifan da aka rufe bayanansu da sirrin LUKS, makullin kowane faifai a Barbican, ma'ajiyar makullai ta OpenStack, ƙarƙashin aikin mai shi.

Warewar fuska biyu gare ta a Nova, kuma saitin kowacce dabam. Ɗaya na hana baƙi sauka a kan sabobin da aka ware, ɗayan na hana mai hayar da aka ware sauka a waje. Mun gwada ta ɓangarorin biyu: muka yi ta ƙirƙirar injuna daga aikin albashi muna duba inda suka sauka, sannan muka cika sauran sabobin muka ga ko wani baƙo zai zame ciki. Bai zame ba, an ƙi shi da saƙon babu wuri.

9 ga Yuni

Kubernetes, tsarin da ke tafiyar da kwantenoni a kan gungun injuna. Masu manhaja na son gungu ɗaya babba, kowace ƙungiya da Namespace ɗinta, wato ɓangarenta a cikin gungun. Ya fi arha, ya fi sauƙin kulawa, na yarda. Amma Namespace raba sunaye da izini yake yi. In ba a rubuta NetworkPolicy ba, wato dokar wa zai yi magana da wa, kowace kwantena na iya magana da kowace a duk gungun, kuma dokar ma ba ta aiki sai manhajar hanyar sadarwar na iya tsare ta, kamar Calico ko Cilium. Kwantenonin da ke inji ɗaya kuma zuciyar Linux ɗaya suke rabawa.

Mun raba gardamar biyu. Gwaji zai zauna a gungu ɗaya na kowa, da dokar hana komai tun farko, da kason ResourceQuota a kowane Namespace, da matakin restricted na Pod Security Admission mai taƙaita abin da kwantena za ta iya yi, wanda ya tabbata tun siga 1.25. Aiki na gaskiya kuwa kowane mai haya da gungunsa a cikin aikinsa na OpenStack, a bayan katangar da muka riga muka gwada. Kulawar ta ƙaru mana, kuma mun karɓa.

30 ga Yuni

Rahoton amfani na farko ya fita. Ba ma cajin kowa, muna dai aika wa kowane shugaban sashe abin da ayyukansa suka riƙe da abin da suka yi amfani da shi a zahiri. Kafin mako ya zagayo sassa biyu sun mayar da kaso da kansu, ciki har da sashen bincike, wanda ya nemi ƙari a watan jiya ya samu a ranar.

Rahoton ya kuma tono injuna da faifan da ba wanda ya ce nasa ne, yawanci na gwajin da aka gama aka manta. Doka yanzu: kowane abu da alamar ƙungiyar da ke da shi. Wanda ba shi da ita za a sanar, a kashe shi, a ajiye faifansa wata guda, sannan a goge.

14 ga Yuli

Mun ba ma'aikatan tsaro asusun member a wani aikin gwaji, muka ce su ƙetara duk inda za su iya. Ta hanyar sadarwa ba su samu shiga ba. Ta wurare biyu da ba a zata ba suka samu abu.

Na farko a Glance, inda OpenStack ke ajiye hotunan inji, wato kwafin da ake tayar da sabon inji daga gare shi. Wata ƙungiya ta mayar da hoton injinta community don abokan aiki su amfana, kuma wannan mataki na barin kowane mai haya ya ɗauke shi. A cikin hoton akwai makullin SSH na sirri da aka manta. An sauya makullin, mun kuma taƙaita wannan izini: hoton da za a raba wa kowa sai ya bi ta hannunmu an bincike shi, wanda ke son ba wa aiki ɗaya kawai ya yi amfani da shared ya ambaci aikin.

Na biyu a wurin tara kundi. Duk mai shiga allon yana iya karanta kundin kowa, kuma wata manhaja na rubuta sunaye da lambobin ma'aikata a nata. Mun raba kundin bisa aiki, izinin karantawa na bin ƙungiyoyin LDAP ɗin nan. Masu manhajar kuma suna cire waɗannan bayanai daga abin da take rubutawa.

Mun gwada dawo da faifan mai haya ɗaya daga kwafin ajiya zuwa aikinsa ba tare da an taɓa na kowa ba, ya dawo, rumbun bayanan ya tashi.

Abin da ke gaba shi ne sallamar mai haya. Goge aiki a Keystone ba ya goge injunansa da faifansa da adireshinsa, suna nan suna cin wuri ba mai su. Muna rubuta matakan bi da bi: a rufe ƙofofinsa a Git, a ɗauki kwafin ƙarshe, a share kayan, a mayar da yankin adireshinsa tafki, aikin kansa ya zo a ƙarshe. Za mu gwada su a kan tsohon aikin gwaji na masu manhaja a makon gobe, daga nan mu fara gwajin hawa Epoxy a sabobin gwaji.